Daskararren Tafki da Tafkin Hunturu: Kyan Bakin Ruwa a Lokacin Sanyi

Duk ƙarshen shekara, idan aka fara rarraba kalanda da katunan gaisuwar Kirsimeti da na sabuwar shekara, akwai hoton da ba ya rasa fitowa. Za ka ga wani tafki shimfiɗe fari fat kamar an malala alli, itatuwa tsaye a gefensa ba ganye, wani lokaci har da yara suna wasa a kan ruwan kamar a filin ƙwallo. Mu da muka tashi a Katsina, inda ƙanƙarar da muka sani ita ce ta firji da wadda kan zubo jefi-jefi tare da ruwan farkon damina, mukan kalli hoton mu ce wannan duniyar wasu ce. Har wasunmu kan yi zaton ƙirƙirar masu zane ce kawai.

Abin gaskiya ne, kuma yana da dalili. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana yadda tafki ke daskarewa da abin da ke ba shi kyau, sa'an nan mu nuna cewa mu ma muna da bakin ruwa na lokacin sanyi, wanda ke da alaƙa ta kai tsaye da wancan na cikin hoto. Wanda ya fahimci ɗaya, idonsa zai buɗe ga ɗayan.

Yadda tafki ke daskarewa

Da farko dai, mu tuna abin da muka koya a darasin kimiyya. Yawancin abubuwa idan suka yi sanyi sukan tsuke, su ƙara nauyi, wato mudu guda na mai sanyi ya fi mudu guda na mai zafi nauyi. Ruwa ma haka yake, amma zuwa wani mataki kaɗai. Yana ta tsukewa har ya kai digiri 4 a ma'aunin santigiret, inda ya fi kowane lokaci nauyi. Daga nan sai al'amarin ya juya: idan sanyi ya ƙaru ya doshi digiri 0, sai ruwan ya fara buɗewa yana raguwa a nauyi. Da ya daskare kuwa sai ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Lita guda ta ruwa tana da nauyin kilo 1, amma lita guda ta ƙanƙara ba ta wuce giram 917 ba. Shi ya sa kwalbar da aka cika maƙil aka manta da ita a firji kan fashe, shi ya sa kuma ƙanƙara ke yawo a saman kofin zoɓo maimakon ta nutse.

To, mu ɗauki wannan mu kai tafki. Idan sanyi ya shigo ƙasashen arewa, iska takan sanyaya ruwan sama, shi kuma ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa mai ɗumi ya taso ya maye gurbinsa. Haka za a yi ta wannan juyi har tafkin duka ya kai digiri 4. Daga nan ruwan sama idan ya ƙara sanyi ba ya nutsewa, domin ya fi na ƙasa sauƙi. A nan saman yake zama har ya daskare. Daskarewar takan fara ne daga gefe, inda ruwa ba zurfi, ta yi ta ci zuwa tsakiya. Wannan ne dalilin da ya sa bakin tafki ya fi ko'ina abin kallo a farkon sanyi.

Ƙanƙarar da ta rufe saman sai ta zama murfi, ta hana ɗumin ƙasa fita da sauri. Kifi da sauran halittu suna nan ƙarƙashi a raye, sun rage motsi da ci, suna jiran sauyin lokaci. Da a ce ƙanƙara ta fi ruwa nauyi, da sai ta riƙa nutsewa tana taruwa daga ƙasa, tafkuna da yawa su sandare gaba ɗaya, abin da ke ciki ya halaka. Dubi yadda Mahalicci ya rataya rayuwar dubban halittu a kan wannan 'yar siffa ta ruwa.

Abin da ido da kunne ke samu a can

Ba duk ƙanƙara ce fara ba. Wadda ta daskare a hankali cikin dare marar iska takan fito garau kamar gilashi, har mutum ya hangi duwatsun ƙasa ta cikinta. Fara kuwa ita ce wadda iska ta maƙale a ciki, ko wadda dusar ƙanƙara ta jiƙe a kanta ta sake daskarewa. Ko a gida za mu iya ganin wannan: gefen ƙanƙarar firji yakan zama garau, tsakiyarta kuma fari, saboda can ne kumfar iska ta taru. Idan ƙanƙara ta yi kauri sosai takan yi shuɗi, domin tana shanye jan haske ta bar shuɗin ya dawo wa ido.

Misalin da ya fi shahara shi ne tafkin Baikal da ke Saiberiya a ƙasar Rasha. Shi ne tafki mafi zurfi a duniya, zurfinsa ya kai mita 1,642, kuma yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa bai daskare ba. Daga wajen Janairu zuwa Mayu samansa a daskare yake, kaurin ƙanƙarar kan kai mita guda ko fiye. Iska takan farfasa ta ta tara a bakin gaɓa kamar tarin fasassun kwalabe masu launin shuɗi da kore. Da dare idan sanyi ya tsananta ƙanƙarar kan tsuke ta tsage, a ji ƙara kamar aradu, da rana kuma ta buɗe, gefe ya tunkuɗi gefe har su yi tudu.

Ƙarfin wannan ƙanƙara ya shiga tarihi. A shekarar 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, an shimfiɗa layin dogo a kan Baikal, dawakai suna jan taragu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Haka kuma a Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, ta kan daskararren tafkin Ladoga motoci suka riƙa shigar da garin alkama suna fitar da mata da yara. Mutanen birnin suka sa wa hanyar suna Hanyar Rai. Duk da haka mazauna waɗannan ƙasashe ba sa wasa da ƙanƙara. Abin da ake koya wa yaransu shi ne kada a taka ta sai kaurinta ya kai kimanin santimita 10, domin wanda ya burma cikin ruwa mai irin wannan sanyi, ƙarfinsa kan ƙare cikin mintoci kaɗan.

Me ya sa namu ba ya daskarewa

Amsar tana ga rana. Duniya a karkace take da digiri 23 da rabi yayin da take kewaya rana. A watan Disamba ɓangaren arewa ne ke kauce wa rana. Katsina tana wajen digiri 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka ko a tsakiyar Disamba yininmu ya haura awa 11, rana kuma tana hawa sama sosai. Baikal kuwa ya haura digiri 51, yininsa a wannan wata bai cika awa 8 ba, rana kuma tana rarrafe ne a gefen sama ba ta da ƙarfi. Ɗumin da ruwa ya yi asara da dare ba ya samun mai mayar masa da rana, sai bashin ya yi ta taruwa har ruwan ya daskare.

A wurinmu kuwa, da asubar Disamba da Janairu ma'auni kan sauka wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka, amma kafin azahar rana ta biya bashin da ƙari. Tsakanin sanyinmu mafi tsanani da digiri 0 akwai sauran tafiya. Wannan ba yana nufin Afirka ba ta san ƙanƙara ba. Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, yana da ita a ƙololuwarsa. A garin Ifran na ƙasar Maroko an taɓa auna sanyin da ya kai kusan digiri 24 ƙasa da sifiri a shekarar 1935. A duwatsun Azbin ma, arewa da Agadas, akwai daren da ruwan da aka bari a waje kan wayi gari da ɓawon ƙanƙara. Tsawon wuri da bushewar iska su ne ke jawo haka.

Bakin ruwanmu a hunturu

Yanzu mu dawo gida. Wanda ya fita ta Ƙofar Guga da sassafe a watan Janairu, ya nufi ɗaya daga cikin kududdufan da suka rage a gefen gari, zai ga abin da bai gaza na kalanda ba. Su waɗannan kududdufai ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar ginin ganuwa da gidaje, ruwan damina ya mai da su matattara. Manyan ruwayenmu kuma su ne madatsun Ajiwa, wadda ke shayar da birnin Katsina, da Zoɓe a ƙasar Dutsin-ma, da ta Jibiya, sai tafkin Madarunfa da ke tsallaken iyaka kusa da Maraɗi.

Abu na farko da zai tare shi shi ne hazo. Sama da ruwa sukan zama launi ɗaya, fari-fari mai toka, har ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Itatuwan tsallake sai su zama inuwa kawai, rana kuma ta fito kamar farin faranti. A ƙasashen ƙanƙara dusa ce ke shafe launuka ta bar fari da baƙi, a nan kuwa ƙura ce ke wannan aiki. Abin mamaki shi ne asalin ƙurar. Iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele yake a arewacin Cadi, wurin da masana suka ce babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Shi kuwa wannan kwari gindin tsohon tafki ne. Kimanin shekaru 7,000 da suka wuce tafkin Cadi ya haura murabba'in kilomita 300,000, ya mamaye wurin duka. Da ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa ne da ido ba ya gani. Wato farar hodar da muke sharewa daga kan teburan aji kowace safiya, wani ɓangarenta ragowar tafki ne. Wata ma takan ƙetare tekun Atalantika ta sauka a dajin Amazon ta zama taki.

Abu na biyu shi ne ɗumin ruwa. Duk wanda ya taɓa jefa guga a rijiya da asubar ɗari ya san ruwan kan fito da ɗumi, alhali na randa kamar ya yanke yatsa. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana kuma jinkirin sakinsa. Na rijiya ƙasa ta lulluɓe shi, kamar yadda ƙanƙara ke lulluɓe na Baikal. Na randa kuwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska tana kwashe shi tare da ɗuminsa. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A babban ruwa kuma, idan dare ya yi sanyi iska ta kwanta, akan ga wani siririn tururi yana tashi daga saman ruwan kafin rana ta ɗaga, domin ruwan ya fi iskar da ke kansa ɗumi.

Abu na uku shi ne gaɓar kanta. Kullum ruwa na ja da baya, yana barin laka. Lakar idan ta bushe sai ta tsuke ta tsattsage gida-gida, kamar yadda ƙanƙara ke tsagewa idan ta tsuke. A ƙarƙashin irin wannan busasshiyar laka, a fadamun da ake samunta, gaiwa na kwance. Ta haƙa rami, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa, za ta kuma iya yin watanni a haka har ruwa ya dawo. Kifin Saiberiya yana jira a ƙarƙashin ƙanƙara, gaiwa tana jira a ƙarƙashin laka. Ga kuma kuka ta zubar da ganye ta tsaya tsirara kamar itatuwan cikin hoto, kusa da ita gawo ya yi kore shar, shi da ke zubar da nasa ganyen da damina ya fitar da sabo da rani. Inda ruwa ya saura, bado da kainuwa na shimfiɗe. A gefe masu lambu sun ja fangali, latas da kabeji da albasa da tumatir suna ta yi, domin sanyin nan shi ne lokacinsu. Bakin ruwansu na can yana barci a lokacin sanyi, namu kuwa lokacin ne yake ciyar da gari.

Baƙi masu fiffike

Mai karatu zai iya cewa duk wannan kamanni ne kawai. To, ga abin da ya ɗaure wuraren biyu da igiya ɗaya. Idan tafkunan Turai da Saiberiya suka daskare, agwagin ruwa da tsuntsayen da ke kiwo a laka ba su da abinci. Ina suke zuwa?

Turawan da sun daɗe suna wannan tambaya. Har manyan masanansu sun yi zaton tsattsewa kan nutse ne cikin lakar gindin tafki ta kwana can har sanyi ya wuce. A shekarar 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa kusa da ƙauyen Klütz a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyansa. Da shi ya yi tafiyar dubban kilomitoci. Har yau gawarsa tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak mai suna Hans Christian Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Ta wannan hanya aka gane cewa miliyoyin tsuntsaye ne ke ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara kowace shekara, su sauka a ƙasashenmu.

Mu mun san shamuwa, mai zuwa da damina ta koma kudu idan ruwa ya ɗauke. To, tana tafiya waɗannan baƙi na arewa suke isowa, daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa wadda namijinta kan fitar da farin layi a saman ido idan lokacin komawa ya gabato, da wata mai dogon wuya da bindi mai tsini. Akwai masu dogayen ƙafafu da ke bin gaɓa suna caccakar laka, ɗaya daga cikinsu ba ya daina kaɗa bindi sama da ƙasa, kuma ko a ƙaramin kududdufi akan gan shi shi kaɗai. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kama ƙwari. Sukan cakuɗu da 'yan gida, irin su belbela da zalɓe da kirinjijiya da ɗinya, har wanda bai sani ba ya ɗauka duk ɗaya ne.

Babban masaukinsu a Nijeriya shi ne fadamun Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe, inda akan ƙirga dubban ɗaruruwa a lokacin hunturu. Saboda muhimmancin wurin aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayin duniya a shekarar 2000, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Amma ƙananan ruwaye irin namu su ma zango ne. Tsuntsun da zai koma arewa a watan Maris dole ya tara kitse kafin ya fuskanci hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000, kuma a bakin ruwanmu yake tara shi. An ga shaidar haka a fili: bayan ƙarancin ruwan da aka yi a yankin Sahel a 1968, masu ƙirga tsuntsaye a Ingila sun tarar a 1969 cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya saba cika musu shinge ya ragu da fiye da rabi. Fari a ƙasar Hausa, shiru a gonakin Ingila.

Abin da ke neman kuɓuce mana

Kyan nan guda biyu duk suna cikin haɗari. A ƙasar Japan akwai tafkin Suwa, inda limaman wani wurin ibada suke rubuta ranar da tafkin ya daskare tun daga shekarar 1443. Wannan littafi nasu yana cikin tsofaffin bayanan yanayi a duniya. Ya nuna cewa a ƙarnonin farko da wuya shekara ta wuce tafkin bai rufe ba, amma daga ƙarshen ƙarni na 20 shekarun da ba ya rufewa sun yawaita ƙwarai, saboda ɗumamar duniya. A namu ɓangaren, tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ragu matuƙa a farin shekarun 1970 da 1980.

Ɗumamar duniya ta fi ƙarfin ɗalibi guda, amma abin da ke kashe kududdufan birni a hannunmu yake. Mun mai da su juji. Ledar ruwa da robobi da ruwan kwata duk can suke ƙarewa. Idan rami ya cika da shara sai a daddale shi a yi gini, ruwan damina kuma ya rasa wurin zuwa ya shiga gidajen mutane. Kowa ya san ruwa ba ya manta hanyarsa. Bugu da ƙari, yaro da danƙo kan kashe tsuntsun da ya tsallake teku da hamada, ba don yunwa ba, don wasa kawai.

Ba muna cewa kududdufi ba shi da illa ba. Sauro na haihuwa a ciki, kuma ƙananan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya a irin wannan ruwa suke zama. Kamar yadda ake hana yaran Rasha taka siririyar ƙanƙara, haka mu ma bai kamata mu shiga ruwan kwance mu yi wanka ko wasa ba. Daga gaɓa ake kallo. Maganin ƙazamin ruwa shi ne a daina ƙazanta shi, a kuma bar kifin da ke cin 'ya'yan sauro ya rayu.

Abin da za mu iya yi

Na farko, mu koyi tsayawa mu duba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 8, kafin iska ta tashi. A sa rigar sanyi marar launi mai ɗaukar ido, a shafa man kaɗe, a tafi tare da malami ko wani babba da izinin iyaye, a zaɓi wurin da ke kusa kuma aka tabbatar da lafiyarsa. A zauna shiru minti 15. Tsuntsayen da suka tashi da zuwanka za su dawo.

Na biyu, mu rubuta. Littafin rubutu guda ya isa. A sa ranar da hazo ya fara sauka, da abin da ma'aunin zafi na ɗakin kimiyya ya nuna da ƙarfe 7 na safe, da ranar da aka fara ganin baƙin tsuntsaye da ranar da suka ɓace, da ranar da kududdufi ya ƙafe. A kafa alama a gaɓa a riƙa auna tafiyar ruwa kowane mako. Idan 'yan aji ɗaya suka fara, suka miƙa wa na bayansu, cikin shekara 10 makaranta za ta mallaki abin da babu shi a kowane littafin labarin ƙasa. Limaman Suwa ba su san masana za su nemi littafinsu bayan shekara 500 ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Na uku, mu tambayi tsofaffi. Masu lambu da masunta da makiyaya sun san sunayen tsuntsaye da ciyayin da mu 'yan boko ba mu sani ba, sun kuma san inda ruwa yake kwanciya a da kafin gine-gine su cinye wurin. Idan ba a rubuta ba, da su zai tafi.

Na huɗu, mu tsare hannunmu daga zuba shara a ruwa, mu kuma ja kunnen ƙannenmu game da danƙo. Ranar 2 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar dausayi ta duniya, ga shi kuwa ta faɗo a tsakiyar hunturunmu, lokacin da baƙin suke nan. Rana ce da ta dace ɗalibai su fita da tsintsiya da kwando.

Yawancinmu ba za mu taɓa taka daskararren tafki ba, kuma ba mu yi asarar komai ba idan mun san namu. Allah da ya yi sanyi da zafi ya ba kowace ƙasa rabonta na kyau, ya kuma ɗora wa mazaunanta amanar abin da ya ba su. Idan an gaishe mu da "Ina ɗari?" mukan amsa da cewa lokacinsa ne. To, lokacin kallon ruwa ne kuma, da karɓar baƙi. Allah ya ba mu idon gani da hannun kiyayewa, amin.